Yadda Bar-Mini Ya Sa Wa Mangwaro Riga

A harabar kulob ɗin unguwarsu akwai wani tsohon mangwaro da ya girmi ginin, ya girmi katangar, wasu ma sun ce ya girmi Ciyaman, amma wannan ba a gabansa ake faɗa ba. Ɗakin taron kulob rufin kwano ne, da rana ta take sai ya koma tanda, don haka ba mai shigarsa sai in za a yi zaɓe ko za a yi faɗa. Duk harkar kulob a gindin mangwaron nan take: karta, ludo, shan shayi, da gyaran duniya da baki.

Zama kuwa ba yadda mutum ya ga dama ba ne. Manya su ne a jikin itace, inda inuwa ba ta gushewa. Masu bi musu suna bayansu. Can baki-baki, inda rana ke lasar ƙeyar mutum tun kafin la'asar, nan ne wurin Bar-Mini.

Bar-Mini ba sunan yanka ba ne. Tsohon mai tsaron sito ne a wani kamfanin gine-gine. Ya yi shekaru yana miƙa wa magina siminti ta taga, shi ke nan ya ɗauka duk ilimin gini ya shige masa ta hanci tare da ƙurar. Famfo ya lalace, "Ku bar mini." Rediyo ta yi shiru, "Ku bar mini." An taɓa bar masa agogon bangon kulob, har yau yana tafiya, sai dai da baya. Shi dai Injiniya yake kiran kansa. Matarsa ma takan kira shi haka, amma sai in ranta ya ɓaci.

Abu ɗaya ke cin ran bawan Allahn nan: kujerar da ke hannun daman Ciyaman, jingine da itace. Ta tsohon hedimasta ce, kuma tun da ya koma wurin 'ya'yansa ba a ba kowa ba. Kullum Bar-Mini yana can cikin rana yana share gumi, yana kallon kujerar nan kamar mai kallon abincin wani.

Ran nan Ciyaman ya jingina zai yi dariya, ƙafar kujerarsa ta zame daga kan saiwa, ya tafi da baya, shi da kofin shayinsa, ƙafafu a sama. Kafin a gama yi masa sannu Bar-Mini ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wannan faɗuwa ba taka ba ce, ta kulob ce gaba ɗaya. A ƙasashen da suka ci gaba ba a zama a kan saiwa kamar awaki. Dandamali ake yi na katako, a zagaye itacen da shi, sumul kamar faranti."

Tela, wanda harshensa ya fi almakashinsa kaifi, ya ce, "Wace ƙasa ka je, Injiniya?"

"Na ga hoto."

"To ai shi ke nan, mun tsira."

Ciyaman yana matse rigarsa ya yi ɗan tunani. Dama akwai wani attajirin unguwa da suke ta lallaɓa ya zo ya zama uban ƙungiya, kuma ya sa ranar zuwa. Ya ce, "In ka gama shi kafin Babban Baƙo ya zo, kujerar hedimasta taka ce, a kan dandamalin, bayanka jingine da itace. In kuwa ka kunyata mu, ka ajiye katinka na kulob, ka nemi wata inuwar."

"Ku bar mini."

Aka bar masa.

Kulob ba shi da katako, sai aka yanke cewa kowa ya kawo nasa, kuma duk inda katakon mutum ya faɗa a jikin dandamali, nan ne mazauninsa har abada. Kai, ka ga zumuɗi! Tela ya kawo tsohon teburin yanka. Mahauci ya kawo bencinsa, da ƙarninsa da komai. Mai kemis ya ɓalle kantar shagonsa. Ciyaman, da yake tsohon direba ne, ya sa aka kwanto katakon bodin motar da ya yi ƙuruciya da ita. Bar-Mini kuwa ya je gida ya cire ƙofar kicin.

Sai awo. Tela ya miƙo masa tef, ya ture hannunsa. "Wannan na masu koyo ne." Ya je ya rungumi mangwaron daidai ƙirjinsa, hannuwan suka ƙi haɗuwa, ya sa Tela ya cike tsakanin da hula. "Runguma ɗaya da hula," in ji shi. Don kada awon ya ɓace, sai ya zame a hankali ya kama hanyar gida da hannuwansa a buɗe, a zagaye, kamar mai ɗauke da randar da ba a gani.

Duk wanda ya miƙo masa hannu a hanya sai ya ce, "Ina kan aiki." Wata tsohuwa ta ɗauka rungumarta zai yi, ta ɗaga sanda. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya yi ta hura shi da leɓe har bakin gida. Gidan kuwa da ɗan nisa, kafaɗa kuma ba ƙarfe ba ce. Yana tafe hannuwan suna matsowa kaɗan-kaɗan, shi bai sani ba.

Matarsa na tsakar gida tana korar awaki daga kicin, ta gan shi ya shigo a karkace. "Injiniya, ina ƙofata?"

"Maza kawo gawayi ki zana min ƙasa, ki bi hannuwana."

"Na ce ina ƙofata?"

"Tarihi ake kafawa, ke kina maganar ƙofa."

"Tarihin ne zai hana akuya shiga tukunya?"

Ta dai zana masa, don ta san in ba ta zana ba a haka zai kwana.

A tsakar gida ya yi aikin, ƙofa a kulle, wai kada kafintocin unguwa su saci fasaha. Daga safe har yamma ba a jin komai sai ƙwam-ƙwam, sai kuma "Wayyo yatsana!" Ƙusa kuwa, inda ake sa ɗaya sai ya sa dangi guda. Da ya gama sai ya kira 'yan kwamiti. Ga abu nan shimfiɗe, zagayayye, ya cinye tsakar gidan kaf, da rami a tsakiya inda itace zai zauna.

"Guda ɗaya ne tak," in ji shi, yana bubbuga shi da ƙafa. "Ba mahaɗi, ba ɗinki. Giwa ta hau ta yi rawa."

Kwamiti ya zagaya, ya hau, ya sauka, ya leƙa ramin, ya gyaɗa kai. Mai kemis ya ce dama shi ya fara kawo shawarar. Mahauci ya ce ai tun bara yake faɗa. Kowa ya karɓi fenti ya shafa alamarsa a kan katakonsa. Manyan mutane masu furfura, ba wanda ya ga komai sai wurin zamansa.

Ranar da Baƙo zai zo, tun da hantsi 'yan kulob suka taru ɗaukar kaya. Aka ɗaga, aka nufi ƙofar gida, abu ya ce bai san zance ba. Aka kwantar, aka karkata, aka tsayar. Ko kusa.

Bar-Mini ya ce, "Dama katangar nan ta tsufa."

Matarsa ta fito da muciya a hannu. "Wace katangar?"

Ba ta rufe baki ba Mahauci ya riga ya sa diga. Da ƙura ta lafa, ga gidan Injiniya a buɗe, mutanen layi suna kallon shanyarsu.

Layin ma ya yi wa abin kaɗan a kwance, sai aka tsayar da shi ana garawa kamar taya. Da farko lafiya lau, har ana waƙa. Da aka zo gangare sai dandamali ya ƙwace. Ya kwashi igiyar shanyar wata mata da zannuwanta, ya bi ta kan tiren mai kayan miya, wani bunsuru ya rasa wurin gudu ya yi tsalle ta cikin ramin ya fita ta ɗaya gefen. Dattawan kulob na biye da gudu, riguna na tashi, Ciyaman na ihu, "Birki! Ku taka birki!" Sai da tulin yashin wani mai gini ya tare shi.

Mai kayan miya ta iso tana haki. "Wa zai tsince min tumatirina?"

"Baiwar Allah, ci gaba ne ya bi ta kanki," in ji Bar-Mini.

"Allah ya sa ya bi ta kanka!"

Daga nan aka ɗora shi a ka. Bar-Mini na gaba yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya. Suna karya kwanar kulob ya ɗaga ido, ya ga mangwaro.

Ya ga gindin, wannan ya san shi, ya rungume shi. Sai idonsa ya ci gaba da hawa. Rassa, rassa, ganye, wani reshen ma ya haye rufin ɗakin taro, wani ya leƙa gidan maƙwabta. Ya waiwaya ya dubi ramin da ke kan mutane. Ya sake duban itacen. Sai ya dakata, ya juyo.

"Jama'a, mu ɗan huta."

"Mun iso kuma mu huta?"

"To mu zagaya ta bayan kasuwa, mutane su gani."

"Wuyanka ne ko namu?" in ji Mahauci.

Aka shiga ta babbar ƙofa, aka dire shi a gaban itace. Aka yi tafi. Tafin ya yi ta raguwa, ya rage na mutum ɗaya, shi ma ya daina. Kowa ya dubi rami, ya dubi sama. Maƙwabta sun riga sun jeru a kan katanga, mata da goyo, har da masu cin abinci da kwanonsu.

Tela ya yi gyaran murya. "Injiniya. Ta ina itacen zai shiga?"

Katin kulob na aljihun Bar-Mini, ya ji kamar yana ƙona masa cinya. Amma bakinsa bai taɓa jiran kansa ba.

"Kai da kake tela kake tambayata? Ta ina mutum yake shiga riga?"

"Ta wuya."

"To!"

"Mutum yana ɗaga hannu in za a sa masa riga. Gaya wa mangwaron ya ɗaga."

Katanga ta kwashe da dariya. Mai kemis ya ce, "Ku daina wasa. A kawo zarto a raba shi biyu, a zagaya itacen, a mayar a haɗe."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Bar-Mini, kamar an ba shi ruwan randa. Amma ya ɓata fuska ya ce, "A ƙa'idar aiki ba a yi. Sai dai in kwamiti ya nace." Ya karɓi zarto da sauri ya ɗora.

"Kai! Ba ta kan kantata ba!" in ji Mai kemis, shi da ya kawo shawarar.

Ya matsa gaba.

"Bencin nan ubana ya sayar da nama a kansa," in ji Mahauci, ya zauna a kai daɓas.

Ya matsa gaba. Tela ya kwanta a kan teburinsa ya ce sai dai a yanka da shi. Ya zo kan katakon bodi, Ciyaman ya kafa masa ido, zarton ya wuce da kansa. Aka kaɗa ƙuri'a. Kowa ya yarda a yanka, kowa ya nuna katakon na kusa da shi. Bar-Mini ya zagayo kan ƙofar kicin, ya ce to shi zai sadaukar. Sai ga murya daga kan katanga.

"Injiniya, ina kallonka."

Ya ajiye zarto.

Rana na tafiya. Ciyaman ya dubi agogon hannunsa ya ce, "To, ta wuyan. Yi abin da ka ce."

"Reshe ɗaya kawai za mu ɗan rage," in ji Bar-Mini.

Aka hau da adda da gatari. Reshen farko ya sauko a kan butar shayi. Na biyu ya sauko da gidan tururuwa, ya juye a wuyan Mahauci, ƙaton mutum ya yi ta tsalle yana tuɓe riga a gaban matan unguwa. Ɗanyen mangwaro ya yi ta zuba a kan mutane kamar jifa. Bar-Mini na ƙasa, hannu ɗaya a ƙugu, yana ƙanƙance ido. "Wancan ma. Da na bayansa. Wancan ne ma babban mai laifin."

Kun ga mutanen nan da suka kusa ba hammata iska a kan guntun katako? Ba wanda ya ce uffan a kan reshe. Katako kowa da nasa. Itacen kuwa ba wanda ya shafa masa fenti.

Kafin azahar ta wuce, mangwaron da ya raini kulob ya koma kamar falwayar lantarki, dogo, tsirara, da guntayen kafaɗu. Tsuntsaye suna ta zagaye a sama suna neman gidajensu. Wata tsohuwa a kan katanga ta daina dariya, ta ce, "Allah ya isar maka, bawan Allah." Da itacen take.

Aka ɗaura igiyoyi aka ja dandamali kan rufin ɗakin taro. Kwano ya lotsa, ya yi kuka, aka ce a bari sai an dawo kansa. Daga kan rufin aka tura, aka saita, masu igiya na ja ta can, masu gora na tokarewa ta nan, Bar-Mini na ihun hagu yana nuna dama. Da ikon Allah kan itace ya shiga rami. Abu ya taho ƙiiii, yana goge ɓawo, jama'a na sowa, Bar-Mini ya ɗaga hannu biyu sama.

Sai ya tsaya cak. Sama da kan mutum, inda mai tsawo zai taɓa da yatsa in ya yi ɗage.

"Hutawa yake," in ji Bar-Mini.

Aka ja. Aka hau aka yi tsalle. Mahauci ya kama gefe ya yi lilo. Ciyaman ya aika aka kawo baƙin mai aka shafe gindin itace, ba abin da ya sauko sai man, a kan hulunan mutane. Awon da ya tsuke a hanya ga shi nan ya nuna kansa, itacen kuma daga nan zuwa ƙasa sai ƙara ƙiba yake.

Ana cikin haka aka ji hon.

Babban Baƙo ya fito daga mota, riga na walƙiya, turare na tashi. Ya tako cikin harabar yana tsallake rassa. Rana ta doke shi a ka, wurin da tun yana yaro bai taɓa ganin rana ba. Ya duba hagu, ya duba dama, inuwa ɗaya ce tak a duk filin, sai ya shige ƙarƙashin dandamali. 'Yan kulob suka duru a bayansa.

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙusoshin da suka leƙo ta ƙasa.

"An ce min dandamali zan buɗe."

"Shi ne wannan, ranka ya daɗe," in ji Ciyaman, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta ina ake hawa?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Ina mangwaron?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

"Aikin wa ye?"

Yatsu suka tashi gaba ɗaya. Mai kemis ya ce shi tun farko bai yarda ba. Mahauci ya ce tun bara yake gargaɗi. Bar-Mini ya matso, baƙin mai na bin kuncinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon salo ne. Ko a ƙasashen da suka ci gaba bai kai ko'ina ba tukuna."

"Allah ya sa kada ya kai." Baƙo ya miƙa wa Ciyaman almakashin da aka ba shi na yanka kirtani. "In itacen ya tsiro, ku kira ni."

Mota ta tashi. Katanga ta ɗauki guɗa da tafi kamar an ci ƙwallo.

Nan take aka yi ca a kan Bar-Mini. "Ya ajiye kati! Ya ajiye kati!" Ya sa hannu a aljihu ya damƙe katin. Tun yana da baƙin gashi yake zuwa wurin nan. In an kore shi, bai san inda mutum yake kai yammacinsa ba. Ya matsa gaban Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, me aka ce in yi? Dandamali ya zagaye itace kafin Baƙo ya zo. Ya zagaye ko bai zagaye ba?"

Ciyaman ya dube shi, ya dubi sama. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ya zagaye," in ji shi. "Ni kuma ba na saɓa alkawari. A kawo kujerar hedimasta. A kawo tsani."

Aka ɗora kujera a kan dandamali, aka jingina ta da itace, daidai saitin hannun daman Ciyaman. Bar-Mini ya gyara hula, ya hau tsani a hankali kamar mai hawa jirgi, ya zauna. Katakon ya ɗauki zafi har yana jin sa ta cikin takalmi. A ƙasa kuwa aka jawo kujeru cikin inuwarsa, aka raba karta.

Tun daga ranar, can yake zama. Ko an ce ya sauko ba ya saukowa, wai mai matsayi ba ya komawa baya. Matarsa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, amma da ta ga ƙeyarsa ta fara saɓa, sai ta riƙa cusa masa gorar ruwa a aljihu in zai fita, tana cewa, "Ungo, kada ka mutu a can a ce ni ce." Rabi yake sha. Rabin, in ya ga ba mai kallo, sai ya tsiyaya a jikin itacen ya gangara.

Da ruwan sama ya fara sauka, wata yamma ya ji wani abu na taɓa masa kunne. Ya juya. Wani ɗan toho ne ya fito a jikin kututturen, ganye biyu jajaye, ko tafin jariri ba su kai ba. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ja kujera, ya karkata wuya, ya yi ta gyara zama har inuwarsu ta sauka a kan hancinsa.

Tela ya ɗago daga ƙasa. "Injiniya, yaya rana a can sama?"

"Wace rana?" in ji Bar-Mini, bai ko motsa kai ba don kada hancin ya fita. "Ku dai da kuke fama a ƙarƙashin katako, Allah ya ba ku haƙuri. Duk kulob ɗin nan ni kaɗai ne ke zaune a inuwar mangwaro."